Kyamarar fim ta da da riyal 1,500: wacce zan saya, kuma ya zan yi da batir?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, kace kana nan Makka, ka tara riyal 1,500 kana son tsohuwar kyamarar fim irin wadda ake saka mata fim na gaske ba memori ba, kana son ka ɗauki Baba yana zaune a ƙofar gida da ɗan yawo a Balad, tsohon garin Jidda, kuma wani ya nuna maka guda biyu a Haraj, wato kasuwar tsofaffin kaya, amma yace ɗayar batirinta an daina yinsa. Toh bari in baka abinda na sani, don shekaruna da yawa ina gyaran kayan lantarki a Jidda kuma irin waɗannan kyamarori sun bi ta hannuna ba ɗaya ba ba biyu ba.

Abu na farko da zan ce maka, dan Allah kar ka zuba kuɗin nan duka a kan kyamara. Kyamarar ita ce mai araha a harkar nan, fim ɗin ne ke cin mutum. Kaset ɗin Super 8 guda ɗaya ƙafa 50 ne, wato mita 15, idan kana ɗauka a kan hoto 18 a sakan zai baka minti 3 da sakan 20, idan 24 ne minti 2 da rabi, shikenan ya ƙare ba gogewa ba sake ɗauka. Bayan nan sai an wanke shi, sai an yi masa sikanin kafin ka gan shi a wayarka, ni waje nake turawa, akwai masu wanki irin su Andec a Berlin da Pro8mm a Amurka, ga kuɗin aike zuwa, ga harajin kashi 15 da ake ɗorawa a kan kayan da ka yi oda daga waje. In ka haɗa kuɗin kaset da wanki da sikanin da aike, minti ukun nan zai iya cinye maka riyal ɗari uku zuwa huɗu ko ma fiye. Don haka ni da nine kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kawai zan ware wa kyamara da batir, sauran na fim ne, kaset biyu aƙalla, ɗaya na gwaji ɗaya na Baba.

Sai kuma ka tabbatar abinda kake saya ana yi masa fim har yau, nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Mai shago a Haraj zai ce maka "tamaniya milli", amma 8 mili ɗin kala-kala ne. Akwai Super 8 wanda Kodak ta fitar a 1965, kaset ne baƙi mai kusurwa huɗu kana buɗe ƙofar kyamara ka jefa shi ka rufe, shi nake so ka nema. Akwai 8 mili na asali na 1932 wanda yake zuwa a naɗe a ɗan faifai, kana ɗaukar gefe ɗaya ka juya ka ɗauki ɗayan sannan wurin wanki su tsaga shi biyu, ana samun fim ɗinsa amma sai da nema. Akwai Single-8 na kamfanin Fuji, kyamarorin an rubuta musu Fujica, suna da kyau a ido ga sauƙin kuɗi amma Fuji ta daina yin fim ɗin, kaset ɗin Kodak kuma baya shiga cikinsu, ka bar su kawai. Sannan ga Video8 da Hi8 na Sony, waɗannan bidiyo ne na tef ba fim ba ne sam. Ka buɗe ƙofar da kanka ka duba, a Super 8 zaka ga rami mai kusurwa huɗu da wani ɗan abu mai juyawa a tsakiya wanda yake jan fim. Wani abin kuma, in an haɗa maka da tsofaffin kaset masu rubutun Kodachrome a matsayin gyara kar ka ƙara ko riyal ɗaya a kansu, tun ƙarshen 2010 aka daina wanke Kodachrome da kala, amma ka karɓa don zai yi maka amfanin gwaji, zan faɗa maka yadda.

Yanzu batun wuta wanda shine asalin tambayarka. Ni da shi nake fara zaɓen kyamara kafin in kalli suna ko kyau, don kyamarar da baka da hanyar bata wuta ado ce kawai ta ajiyewa a kan kanta.

Mafi kwanciyar hankali ita ce mai wani, irin yadda ake yi wa agogon da wani, injinta ba ruwansa da batir, ka murɗa hannun sifirin ya ɗaure ka danna ta tafi. A Super 8 akwai Quarz ta Rasha mai irin wannan, a 16 mili kuma akwai Krasnogorsk-3 da ake ce wa K-3 ita ma ta Tarayyar Sobiyet, da Bolex H16 ta Suwizalan wadda ita ce uwa a wannan layi amma kuɗinka bazai kai ta ba. Murɗawa guda tana ɗaukar kamar sakan 25 zuwa 30 sai ka sake murɗawa, kuma wallahi wannan ba aibu bane, yana koya wa mutum ya yi tunani kafin ya danna. Sai dai 16 mili fim ɗinsa ya fi tsada, naɗin ƙafa 100 bai cika minti uku ba a kan hoto 24, kuma da hannu ake zira shi a cikin inuwa, ban so ka fara da shi ba. In ka samu mai murɗawar kar ka ajiye ta da sifirin a ɗaure, ka bari ya saki kafin ka mayar da ita jaka.

Na biyu sune masu cin batir AA kawai, irin na rimot da tocila wanda kowace baƙala, wato shagon unguwa, tana da shi. Canon 310XL da Canon 514XL batir biyu kacal suke ci, ƙanana ne kamar ka saka a aljihun jallabiya, 310XL ɗin ma gilashinta f/1.0 ne yana gani a wurin da haske ya yi ƙasa. Matsalarsu biyu, ɗaya sun yi suna don haka masu sayarwa sun ɗaga musu kuɗi, biyu kuma su ke zaɓar wa kansu haske, ranar da mitar hasken ta mutu ba yadda zaka yi da hannu. Shi yasa nake ce wa mutane su duba su Sankyo, Chinon, Elmo, Bauer, Yashica, Minolta, ba a cika rububinsu ba kuma da yawansu aikinsu lafiya lau. Waɗanda zan ce ka kauce musu su ne ƙananan Instamatic da XL na Kodak ɗin kanta, akwai wani haƙorin inji na roba a cikinsu da tsufa ke sa shi ya ruɓe, zaka ji injin yana kuka amma fim baya motsi.

Na uku su ne irin wadda aka ce maka batirinta an daina yi, kuma ina kyautata zaton abinda mutumin yake nufi kenan. Kyamarori da yawa na shekarun 1960 zuwa farkon 1970 wuta biyu gare su, AA na juya inji, sannan wani ɗan batir kamar maɓallin riga na mitar haske, lambarsa PX625, na zaiba ne, wutarsa 1.35V. An hana yin sa saboda zaiba guba ce. Canon Auto Zoom 814 ta farko tana cin irinsa guda biyu, haka Nizo da yawa irin su S800 da 801. Abinda yasa ba a musanya shi da kowane batir shine na zaiba wutarsa bata sauka, tana nan 1.35 tun ranar farko har ya mutu, mitar kuma a kan wannan aka auna ta. In ka saka 625A na alkalin zai shiga daidai kamar don shi aka yi ramin, amma 1.5V ne yana sabo, sai ya dinga sauka a hankali, yau mita ta faɗa maka abu kaza bayan wata biyu ta faɗa maka wani, kai kuma bazaka sani ba sai fim ya dawo daga Jamus ka ga fuskar Baba ta yi duhu.

Maganin mai araha yana saidaliya, wato kemis. Kace su baka batirin na'urar kunne ta masu ƙarancin ji, lamba 675, mai shuɗiyar takarda a manne. Wutarsa kusan 1.4V ce kuma bata yawo, ta yi kusa sosai da ta zaiba. Ya ɗan fi PX625 ƙanƙanta, sai ka samu ɗan zoben roba irin na famfo a shagon kayan ruwa ka zagaye shi don kar ya yi lilo, wani lokacin sai ka ƙara ɗan ninkin takardar alminiyom ya cike tsawo. Da iska yake aiki, kana ɓare takardar nan ya fara ƙarewa ko kana amfani da shi ko baka yi, kuma a busasshen wuri irin Makka ko Riyad ya fi saurin bushewa a kan Jidda mai danshi, makonni ne kawai, don haka kar ka ɓare sai ranar ɗauka, ka bashi ƴan mintuna ya sha iska sannan ka saka. Akwai wanda aka yi shi musamman a girman 625 sunansa Wein Cell, abu ɗaya ne da na kemis ɗin sai tsada. Wanda ya fi duka ɗorewa shine adafta da ake kira MR-9, ana saka ƙaramin batirin silba lamba 386 a cikinta, tana da dayod da ke sauke wutar zuwa 1.35, sau ɗaya zaka saya ka huta, amma ka lura akwai na bogi da zoben ƙarfe ne kawai ba dayod a ciki. In kuma kyamarar tana bari ka saita haske da hannu ba tare da wannan batirin ba, to ka manta da mitarta gaba ɗaya, ka sauke manhajar auna haske a waya, kace mata gudun shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, 1/40 ne in kana kan hoto 18, ta baka lambar f, wato girman buɗewar gilashi, ka saita.

Su kansu AA ɗin akwai magana a kansu. Masu caji 1.2V ne ba 1.5 ba, a kyamara mai cin shida kaga 7.2 kenan maimakon 9, wata zata yi aiki wata kuma injin ya dinga jan ƙafa, in inji ya rage gudu hoton zai fito da sauri-sauri kuma haske ya yi yawa. Na litiyam kuma suna sabo sun kai wajen 1.8V, ban yarda in saka wa kayan da suka shekara hamsin ba. Alkalin mai kyau sabo, kuma kana gamawa ka cire. Wannan cirewar ita ce komai.

Bari in baka labarin wata Nizo da na taɓa saya a Harajin Sawarik na Jidda. Jikinta fes kamar jiya aka fito da ita daga kwali, mai ita yana ta rantsuwa "shaggala miya bil miya", wai tana aiki ɗari bisa ɗari, ni kuma ranar ban riƙo batir ba, na biya na taho. Da dare na buɗe mariƙin inda ake saka batir sai ga farin gari kamar gishiri ya daskare, batiran da aka manta a ciki sun fashe sun zubo, sifirin ɗaya na taɓa shi da tsinke ya karye. Na tsoma auduga a ruwan khal, wato binega, na dinga dangwalawa, kana jin yana ƴar ƙara yana kumfa, na goge da sifirit na bari ya bushe, na kankare ƙarfen har ya yi haske, na ciro sifirin daga wata tsohuwar rediyo na haɗa da dalma. Ta tashi, amma sai da na bi wayar ciki na tarar ruwan batirin ya bi ta cikinta ya cinye ta kusan tsawon ɗan yatsa, waje roba lafiya ciki kore. Kwana uku na yi a kanta. Ni aikina ne shi yasa ta tsira, kai in ka ga gari ya wuce bakin ƙarfe ya shiga ciki ka ajiye musu kayansu. In ɗan kaɗan ne a kan ƙarfen kawai to wannan ma dama ce ta rage kuɗi, khal da auduga sun isa.

Akwai kashi na huɗu, masu batirin kansu na caji, babbar cikinsu Beaulieu 4008 ta Faransa. Kyamara ce ta gaske, ana canza mata gilashi, amma batirinta wani dunƙule ne da ake murɗawa a jikinta, 7.2V, kuma duk wanda zaka samu na asali ya riga ya mutu. Ana farke shi a sake masa ƙwayoyi shida sabbi, ko a yi mata akwatin AA shida masu caji a jawo waya. Ba wuya amma in ka juya waya ja da baƙa sau ɗaya ka ƙone ta, kuma gyaranta ya fi kuɗin da ka tara. Ba taka bace yanzu. Sannan duk tsohuwar caja ko majigi da ka samu ka karanta jikinsa kafin ka jona, kayan Amurka da Japan na 110 ne ko 100, wutarmu a nan 220 zuwa 230 ce a yawancin gidaje, ga ta 60Hz alhali kayan Turai na 50 ne, majigin Turai zai iya gudu fiye da ƙa'ida a nan.

Ranar da zaka je gani, ko Sawarik ne ko ka shiga Riyad ka leƙa Harajin Bin Ƙasim da Suƙuz Zal, ko wanda kuka yi magana a manhajar Haraj, ka tafi da AA shida sabbi da 675 guda biyu da tocilar waya. Ka saka batir ka danna ka saurara, ƙarar ta zama ɗaya ba hawa da sauka ba. Ka buɗe ƙofa ka duba abin tsakiyar nan yana juyawa. In akwai tsohon kaset ka zana layi da maka a kan fim ɗin da ke leƙowa, ka saka ka danna sakan biyu ka ciro, in layin ya wuce to tana ja, in yana nan inda yake ba magana. Ka leƙa ta wurin ido ka nuna ta wurin da rana ke haskawa sannan ka nuna ta inuwa, allura ko lambobin ciki su motsa. Ka haska tocila cikin gilashi, ƙura ba komai bace amma in ka ga abu kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, kayan da suka zauna a Jidda suna yawan yinta saboda danshi. Zum na inji in ya mutu kar ya dame ka, da hannu ma ya fi. In an rubuta mata Sound kar a ƙara maka kuɗi don wannan, Kodak ta daina kaset mai sauti tun shekarun 1990, marar sautin zaka saka mata kuma nauyi kawai zaka ɗauka. In daga eBay ne kuma ka nemi wadda aka ce an gwada da fim, ka ce ya turo bidiyon tana aiki da hoton cikin gidan batir. Sabuwar kyamarar da Kodak ta fitar kuwa dala 5,495 suka sa mata a 2023, sama da riyal dubu 20, na faɗa ne kawai don kar wani yace maka ai ka sayi sabuwa.

Fim kuma da ranarmu ta nan ba wani dogon zaɓi, Kodak Vision3 50D. Kyamarori masu araha da yawa lamba biyu kawai suke iya karantawa a jikin kaset, 40 da 160, to 50D zasu karanta shi a 40 wanda ya yi daidai, kuma negatif ne yana yafe kuskure. Ektachrome 100D kalarsa ta fi ɗaukar ido amma baya yafiya ko kaɗan, ka bar shi sai ka san halin kyamararka. Na cikin ɗaki ko bayan magariba 500T. Akwai wani maɓalli mai hoton rana da hoton ƙwan fitila, yana saka ko cire wata filta ruwan lemo da ke ciki, abin da ke ruɗa mutane shine da 50D filtar ba a son ta, don haka a kan ƙwan fitila zaka ajiye ko da a tsakar rana kake. Kuma ka guji azahar, hasken ya yi yawa har kyamara ta tsuke ido hoton ya rasa kaifi, da hantsi ko bayan la'asar shine lokacinka, a lokacin ne ma katakon rawashin, tagogin tsofaffin gidajen Balad, yake fitowa da kyau.

Zafi shine babban abokin gabar fim. Kar ka bar shi a mota ko na awa ɗaya, ka sa shi a leda mai rufewa a cikin firij, in zaka yi amfani da shi ka fito da shi ya huce awa biyu ko uku kafin ka yaga takardarsa. Ita ma kyamarar in ka fito da ita daga sanyin mukayyif, wato AC, zuwa waje gilashin zai yi gumi, ka bari ya washe da kansa. In wani zai tafi maka da fim ko ya zo da shi ta jirgi kar a saka a jakar da ake aunawa, kuma sabbin na'urorin bincike na CT suna lalata shi a wucewa ɗaya, ya riƙe a hannu ya roƙa a duba da hannu. Kuma ka san ƙasar da muke, kar ka ɗauki fuskar mutane ba izini musamman mata, kar ka nufi Harami ko wurin jami'an tsaro da ita.

Ina da kaset ɗaya da na ɗauka a lungunan Sabil ta Jidda kafin a rushe unguwar, minti uku ne, akwai mai tsire yana fifita wuta da yara suna bin ƙwallo da mahaifiyata Allah Ya jiƙanta tana ɗaga labule tana kore ni da hannu. Abin da ya fi damuna har yau shine ban ɗauki muryarta ba. Don haka ranar da zaka ɗauki Baba, ka fara ɗauka da kaset ɗin gwaji ka ga ya dawo lafiya tukuna, sannan ka zaunar da shi a inuwa mai haske, ka ajiye waya kusa da shi tana naɗar murya, kai kuma ka ja baya kamar taku huɗu don ƙarar injin kar ta rufe maganarsa. Kana dannawa ka sa wani yaro ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin zaka daidaita murya da hoto a kwamfuta. Zasu dinga ɗan saɓawa bayan sakan ashirin ko talatin don injin ba daidai-wa-daida yake gudu ba, sai ka ɗauka gajere-gajere, wayar kuma ka barta tana ta naɗa ko kaset ya ƙare, ka bar shi ya gama labarinsa.